Darasin Juma'a: Kukan wanda aka zalunta da barcin maƙwabci



'Yan'uwa, mun yi alkawarin darasin wannan makon zai kasance kan zakkar kayan kasuwanci. Mun ɗage shi zuwa Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu, saboda abin da ya faru daren Litinin a ƙofar masallacin nan, da takardar da ta biyo baya ranar Laraba.

Ga wanda bai ji ba. An liƙa wa 'yan'uwanmu masu rumfunan albasa da tumatir na bakin gada takardar tashi, an ba su kwana bakwai. A cikinsu akwai wanda a wannan rumfar ya yi aure, a nan ya aurar da 'yarsa, kullum yana biyan kuɗin tikiti, rasiɗansa na nan a ƙulle cikin leda. Matasanmu suka fusata, kuma ba mu ga laifin fushinsu ba. Suka kira taro bayan Isha'i, aka ari amsa-kuwwar masallaci, aka tada janareta, aka juya lasifika ta fuskanci titi. Jawabi ya bi jawabi, kabbara ta bi kabbara, har bayan ƙarfe sha ɗaya na dare. Ranar Laraba ƙungiyar masu gidaje ta unguwa ta aiko da takarda cewa in aka sake, za su kai ƙarar masallacin ga hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, wato LASEPA.

Tun daga ranar jama'a suka rabu biyu. Wasu na cewa so ake a toshe mana baki, an kwashe mana abinci sannan an hana mu kuka. Wasu kuma, galibi dattawa, na cewa mu baƙi ne, baƙo raɓa ne, a haɗiye a bar wa Allah. Mu a kwamitin ilimi mun zauna da Malam Liman da wani ɗan'uwa lauya da ke sallah tare da mu, kuma ba mu bi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ga dalilinmu.

Mu fara da masu cewa a yi shiru. Addini bai ɗora wa wanda aka zalunta yin shiru ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, inda aka hana bayyana mummunar magana a fili, an cire mutum ɗaya daga hanin, shi ne wanda aka zalunta. A Sahihul Buhari kuma akwai labarin wani mutum da ya zo karɓar bashin da yake bin Annabi (SAW), ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi. Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Idan mai bin bashi zai ɗaga murya a gaban fiyayyen halitta a ƙyale shi, ina ga mai rumfa a gaban ma'aikacin da ya liƙa masa takarda?

Amma hadisin da ya fi dacewa da halin da muke ciki shi ne wanda Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana kukan maƙwabcinsa na cutar da shi. Aka ce ya je ya yi haƙuri. Ya dawo, sau biyu ko uku. Daga nan Annabi ya umurce shi ya fitar da kayan gidansa ya zube su a kan hanya. Ya yi hakan. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tambaye shi lafiya, shi kuma ya faɗi abin da ke faruwa, mutane suka dinga tsine wa maƙwabcin nan. Da abin ya ishe shi, da ƙafarsa ya zo ya roƙi mutumin ya mayar da kayansa, ya yi alkawarin ba zai ƙara ba.

A dubi wannan labarin da kyau, don akwai fiƙihu a cikinsa. Mutumin nan ya fito da kukansa bainar jama'a, kuma Annabi ne da kansa ya nuna masa hanyar. Sai dai bai fara da titi ba, ya fara da kai ƙara da haƙuri, har aka ga abin ya ƙi. Da ya fito, nauyin abin ya sauka ne a kan mutum ɗaya tak, wanda ya yi cutar. Masu wucewa ba a tare musu hanya ba, ba a tilasta wa kowa saurare ba, su suka tambaya don kansu. Ba a ruwaito ya yi ihu ko sau ɗaya ba. Tabarma da tukunya a bakin hanya suka yi masa magana. Kuma da buƙata ta biya aka tashi.

To mu auna daren Litinin da wannan ma'auni. Wa ya ji mu? Wanda ya sa hannu a takardar tashi ba a unguwar nan yake kwana ba. Ofishinsa a rufe yake tun yamma. Waɗanda suka ji mu su ne matar da ke bayan masallaci mai goyon jinjiri, da tsohon nan mai hawan jini da ke benen da ke kallonmu, da direban danfo da zai fito ƙarfe huɗu na asuba, da yaran da ke da jarrabawa washegari. Yawancinsu ma ba sa jin Hausa. Abin da ya shiga kunnensu shi ne taron maza cikin dare, da murya mai zafi, da kabbara. Wanda ya san abin da ya faru a Idi-Araba a 2002, ko Mile 12 a 2016, ya san abin da irin wannan sautin ke haifarwa a zuciyar wanda bai fahimci me ake faɗa ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin nan shi ne mutumin da muke buƙatar sa hannunsa gobe a takardar kokenmu.

Haƙƙin maƙwabci kuwa ba sai mun tsawaita ba, kowa ya taso da shi. Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Annabi ya yi rantsuwa sau uku kan rashin cikar imanin wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa, malaman tafsiri da yawa kuma sun shigar da wanda ba Musulmi ba a ciki. Ba a ce sai ranar da muke cikin walwala ba. Ranar fushi ma maƙwabci yana nan da haƙƙinsa.

Mun san malamanmu sun yi saɓani kan ita kanta zanga-zangar. Kun ji muhawarar da aka yi a Arewa kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024: wasu sun hana saboda ɓarnar da take jawowa, wasu sun halatta da sharaɗin lumana. Wannan shafi ba zai raba wannan gardamar ba. Abin da ba mu ji wani malami ya halatta ba shi ne cutar da wanda bai ji ba bai gani ba.

Yanzu ga abin da dokar ƙasa ta tanada, kamar yadda ɗan'uwanmu lauya ya warware mana.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 40 ya ba shi 'yancin taruwa da wasu cikin lumana. Ba a ce ɗan asalin jiha ba. Bahaushen da ke sayar da albasa a Legas yana da shi daidai da wanda kakansa ya sari dajin unguwar. A da, 'yan sanda kan ce sai da izininsu za a yi taro, suna dogaro da dokar kiyaye zaman lafiya ta 1979. A watan Satumba 2003 suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa kan cewa ba a ba da izini ba. Jam'iyyun adawa suka tafi kotu, Femi Falana ne lauyansu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa sharaɗin neman izinin ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su za a yi taro ko jerin gwano, aikinsu ne su ba da tsaro. Ke nan sanarwa ake yi, ba roƙo ba. Mu dai shawararmu a riƙa sanarwar a rubuce, a karɓo kwafin da aka buga wa hatimi, don ranar da 'yan daba za su shigo cikin taro wannan takardar ce shaidarmu.

Sai dai tsarin mulkin bai tsaya nan ba. Sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita waɗannan 'yancin saboda tsaron jama'a, ko lafiyarsu, ko kare haƙƙin wasu mutane, matuƙar taƙaitawar ta dace da hankali a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. A ƙarƙashin wannan inuwar dokar hayaniya take zaune. Ba ta tambayar me kake faɗa, ko wa'azi ne ko kiɗan biki ko kukan zalunci. Tambayarta ƙarfin sautin nawa ne, ƙarfe nawa ne, kuma a wace irin unguwa.

Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu da ke kusa da juna tana kai wajen desibel 60. Iyakar da LASEPA ke sanarwa ga unguwannin zama ita ce 55 da rana, 45 da dare. Ƙa'idojin hayaniya na tarayya na 2009, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su, sun ɗauki dare daga ƙarfe goma zuwa shida na safe. Wani abu game da desibel shi ne ba ya tafiya kamar mudu, a ce 80 ta ɗara 70 da kaɗan. Duk ƙarin 10, kunne yakan ji kamar an ninka ƙarar sau biyu. A fili kuma, inda babu gini, sai ka ninka nisanka da lasifika kafin sautin ya ragu da desibel 6 kacal. Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce lasifikar ƙaho tana ba da 100 a nisan mita ɗaya, abin da ba wuya gare ta ba. A mita 2 saura 94, a mita 4 saura 88, a mita 8 saura 82, a mita 16 saura 76, a mita 32 saura 70, a mita 64 saura 64. Ko a mita 128, wato ka wuce tsawon filin ƙwallo, tana nan a 58, ta ɗara iyakar rana balle ta dare. Gine-gine kan tare wani sashe, wani lokacin kuma su mayar da amo cikin lungu. Tagar maƙwabcinmu na baya ba ta kai mita goma da bangon masallaci ba. Ku yi lissafin da kanku.

Kada wani ya ɗauka barazanar da ke cikin takardar Laraba wasa ce. A watan Yuni 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallaci 20 da wasu otal da gidajen rawa saboda hayaniya, kuma ba a daina irin wannan samamen ba. Kun ga adadin cocin ya ninka na masallatai fiye da sau uku, don haka maganar cewa Musulmi kaɗai ake nufi ba za ta tsaya a gaban kowa ba. Idan aka garƙame ƙofar nan, masu rumfa ba su sami rumfarsu ba, mu kuma mun rasa inda za mu yi Juma'a.

Duk da haka ba mu ce duk ƙa'idar da aka kawo da sunan zaman lafiya a rungume ta ido rufe ba. Matasanmu suna da gaskiya a wuri ɗaya: ana iya fakewa da irin wannan doka a kashe magana. A ƙarshen Yuli 2024 wata babbar kotu a Legas ta taƙaita zanga-zangar Agusta zuwa dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota da wani dandali a Ketu, daga takwas na safe zuwa shida na yamma. A Abuja aka ce sai filin wasa na Moshood Abiola, can nesa da ofisoshin waɗanda ake kuka da su. A ganinmu iyakar lokacin tana da ma'ana, mutane su yi barcinsu. Amma a ɗauke mai kuka a kai shi inda wanda yake kuka da shi ba zai gan shi ba, wannan kam da sauran magana. Da an ce wa mutumin cikin hadisi ya zube kayansa a bayan gari, wa zai tambaye shi lafiya? Saboda haka ga yadda muke rarrabewa. In aka ce mu rage sauti, ko mu tashi kafin dare ya raba, ko kada mu tare ƙofar asibiti da makaranta, wannan haƙƙin jama'a ne, mu bi. In aka ce ba mu da ikon tsayawa da rana tsaka a gaban ofishin da ya fitar da takarda, riƙe da kwalaye da rasiɗanmu, wannan lauya zai amsa shi.

Kuma rashin hayaniya ba shi ke nuna ba a cutar da kowa ba. Da yawanmu mun ga yajin hana kawo abinci da shanu Kudu da aka yi a ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Ba lasifika, ba jerin gwano, motoci kawai aka tsayar, kuma cikin kusan mako guda aka kira shugabanni teburin sulhu. Amma wa ya ɗanɗana kafin nan? Matar da ke sayen tumatir na miyar dare ɗaya a nan, da manomin da nasa ya ruɓe a kwando a can gida. Tambayar dai ɗaya ce ko da sauti ko babu: a kan wa nauyin zai sauka?

Akwai wata magana da ba ta da daɗi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Takardar Laraba ba daren Litinin kaɗai ya haife ta ba. Da muka je wurin shugaban masu gidajen, bai daɗe kan taron ba, sai ya koma kan karatun da ake sakawa a lasifikar waje tun kafin kiran farko na Asuba, da tafsirin azumi da ake fitarwa titi alhali masu sauraro duk suna ciki, da walimar da kan kai tsakar dare. Ya ce kiran sallah bai taɓa damunsa ba, da shi yake tashi shirin aiki. Mun ji kunya, wallahi, don abin da ya faɗa yana cikin littattafanmu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Annabi (SAW) ya fito ya tarar da mutane suna sallah muryoyinsu sun ɗaga, ya hana wani ya ɗaga murya a kan wani da karatun Alƙur'ani. Masu ibada ke nan a tsakaninsu, ina ga mara lafiyar da ke kwance a gidansa? Aya ta 110 ta Suratul Isra'i ta yi umurni da tsaka-tsaki a muryar sallah, wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa kuma ta haɗa da sassauta murya. A 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, ta ce kada a wuce sulusin ƙarfin na'urar. Ba wanda ya ce sun bar addini.

Abin da wannan ke nufi ga rumfunan bakin gada a bayyane yake. Unguwar da muka hana barci shekara da shekaru ba za ta fito ta ce a bar mana masu albasarmu ba. Alhali su ne masu sayen albasar, su ne masu ƙuri'a a mazaɓar, kansila ɗansu ne, Baale nasu ne. Muryar mata goma na unguwar nan da ke cewa tashin rumfunan zai sa su hau mota kafin su sayi kayan miya ta fi lasifikarmu isa inda ake so.

Ga abin da kwamitin masallaci ya tsayar, da amincewar Malam Liman da Sarkin Hausawa. Daga yau lasifikar waje ta kiran sallah ce da iƙama, sai huɗubar Juma'a saboda sahun da ke fita waje. Karatu da wa'azi da sanarwa duk a na ciki. Ba za a ƙara ba da aron amsa-kuwwar masallaci don wani taro ba, makullin akwatin yana hannun Ladan. Duk taron da za a yi a harabar nan a tashi kafin ƙarfe goma. Masu walima da suna su ma wannan ya shafe su, kada a ce ba a faɗa ba.

Game da rumfunan kuma ba a janye ba. An rubuta takardar koke da Turanci da Yarbanci, ana neman a dakatar da wa'adin, a zauna da masu rumfa, a nuna musu inda za su koma kafin a taɓa ko da kwano ɗaya. Mun kai wa Baale da Iyaloja kwafi, shugaban masu gidajen ma ya karɓi nasa ya ce zai karanta wa mutanensa. An sanar da ofishin 'yan sanda a rubuce cewa ranar Litinin da ƙarfe goma na safe za a raka takardar zuwa ofishin da abin ya fito. Za a tafi a gefen titi, ba tare hanya, ba ƙona taya, ba sanda ko da ta dogarawa ce in ba ta tsoho ba. Mutum uku aka zaɓa su yi magana, ɗaya daga cikinsu yana jin Yarbanci kamar ɗan gari. Saura kowa ya riƙe rasiɗinsa a hannu ya ɗaga. In wani baƙon fuska ya shigo yana neman tada fitina, kada a biye masa, a nuna wa dattawan da za su sa hula fara a gaba da bayan sahu.

Iyayenmu mata, a taimaka a ja kunnen samari, musamman masu ɗaukar bidiyo suna sakawa a Facebook da TikTok da kalaman da ba za su iya maimaitawa a gaban alƙali ba. Masu rumfa kuma kowa ya kawo rasiɗansa da hoton takardar da aka liƙa masa ofishin masallaci gobe Asabar bayan La'asar, lauya zai zauna har Magariba yana ɗaukar sunaye. Wanda ya san ba zai samu zuwa ba ya aiko da ɗansa.